Gine-ginen Kasuwa a Kafanchan: A Auna Wutar da Za Su Sha Tun Kafin a Ɗora Kwano

A cikin watan Agusta na shekarar 2017 ne Ministan Wutar Lantarki da Ayyuka da Gidaje na wancan lokaci, Babatunde Fashola, ya ƙaddamar da wata ƙa'ida a Abuja wadda ta shafi tsimin wuta a gine-gine. Ma'aikatarsa ce ta shirya ta, tare da taimakon hukumar GIZ ta ƙasar Jamus, da kuɗin da Tarayyar Turai da gwamnatin Jamus suka bayar. An yi jawabai, an ɗauki hotuna, kowa ya watse. Tun daga ranar har yau abu ne mai wuya mutum ya tarar da magini ko kafinta ko mai gida a wajen manyan birane wanda ya taɓa jin labarinta, balle a ce ya yi aiki da ita. Amma kuwa maganar da ke cikin takardar nan ta shafi aljihun dubban 'yan Arewa mazauna Kudu fiye da yadda suke zato.

Dalili a fili yake. Duk wanda ya san Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita, watau Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Gidan Waya da Manchok har zuwa Kachia, ya san cewa da yawa daga cikin layukan shaguna da ƙananan otal-otal da benaye masu ofisoshi da ake ta ginawa, da guminsu na baƙunci aka tsayar da su. Akwai ɗan kasuwar da ya shekara ashirin yana sauke kayan gwari a Mile 12. Akwai mai harkar shanu a Agege, da ɗan canji a Sabo ta Badun, da direban babbar mota a Shagamu. Akwai soja ko ɗan sanda ko malamar asibiti da suka ƙare ƙuruciyarsu a Ikko da Fatakwal da Inugu. Burin kowannensu ɗaya ne: ya kafa wani abu a gida wanda zai riƙa kawo masa kuɗin haya ranar da ƙarfi ya ƙare. Yana turo kuɗi, wani ƙane ko suruki yana tsaye a kan aiki, ana aiko masa da hotuna ta waya. Ya ga bulo ya tashi, ya ga kwano yana ƙyalli, ya ga gilashi ya rufe fuskar gini, sai ransa ya yi fari. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne zafin da ke cikin shagon da ƙarfe biyu na rana a watan Maris.

Ya kamata a fara bayyana abin da ƙa'idar ta ƙunsa, domin mutane da yawa suna jin an ce "ƙa'idar gini" sai su ɗauka wani babban ilmi ne da sai injiniya. Alhali abubuwa huɗu ne kawai ginshiƙanta.

Na farko tagogi. Ƙa'idar ta ce kada faɗin tagogi ya wuce kashi 20 cikin ɗari na faɗin bango, in kuwa ya wuce to dole a yi musu abin da zai ba su inuwa. Ga misali, bangon da tsawonsa ya kai mita 10 kuma tsayinsa mita 3, faɗinsa murabba'in mita 30 ke nan, don haka rabon tagoginsa murabba'in mita 6. Na biyu rufi, inda aka ce a shimfiɗa abin da ke tare zafi a ƙarƙashin kwano, aka kuma faɗi gwargwadon ƙarfin tarewar da ake bukata. Na uku fitilu: wat 6 ga kowane murabba'in mita a gidan kwana, wat 8 a ofis. Watau ofis mai murabba'in mita 20 kada fitilunsa duka su haura wat 160. Na huɗu na'urar sanyaya ɗaki, wadda aka ce ta kasance irin mai inbata, kuma sanyin da take bayarwa ya ninka wutar da take sha kusan sau uku, ko a ce 2.8 a lissafin masana. A bisa ƙiyasin waɗanda suka tsara ƙa'idar, ginin da ya bi ta zai iya rage shan wuta da kimanin kashi 40 cikin ɗari idan aka gwada shi da irin ginin da aka saba yi.

A kan waɗannan ne aka ɗora alamar taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Gwargwadon sharuɗɗan da gini ya cika, gwargwadon taurarin da zai samu, kuma mataki na ƙarshe sai wanda ya haɗa da samar da wutarsa ta hanya mai sabuntuwa kamar hasken rana. Wannan alama ita ce takardar shaidar da ake magana, kuma a gaskiya ita ce ran al'amarin duka.

To, me ya sa abu mai amfani haka ya kwanta barci? Mazauna Ikko ba za su rasa amsar ba. A shekarar 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya a kan dokar tsara birane ta 1992, inda ta tabbatar da cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Saboda haka Abuja tana iya rubuta ƙa'ida, ta buga ta da takarda mai kyau, amma ba ta da ikon hana kowa ɗora kwano a Kafanchan. Irin wannan matsala ce ta addabi babban kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006. Mai riƙe da wuƙa da nama a Jihar Kaduna ita ce gwamnatin jiha, ta hannun hukumar KASUPDA da ke ba da izinin gini, da Majalisar Dokoki da ke yi mata doka. Muddin sharuɗɗan tsimin wuta ba su zama abin da ake dubawa a zahiri kafin a buga hatimi a kan taswirar gini ba, to takardar 2017 za ta ci gaba da zama abin karatun ɗalibai kawai.

A da, ana iya kau da kai. Zamanin da man fetur ke da araha, mai shago yakan tayar da ƙaramin janareto ya manta da NEPA da rigimarta. Wancan zamani ya wuce. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka bayar da sanarwar janye tallafin mai, farashi ya ninka cikin 'yan kwanaki, ya kuma ci gaba da hawa. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit, kafin daga bisani a ɗan sassauta. Gaskiya ne ba kowa ke wannan rukuni ba, amma kowa ya ga inda aka dosa. Sannan a watan Oktoban 2024, sa'ad da layin Shiroro zuwa Kaduna yake a lalace kuma layin da ya taso daga Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa sun kwana da kwanaki a cikin duhu. A irin waɗannan ranaku ne ake gane bambancin gini da gini. Akwai shagon da ake iya zama a cikinsa da ƙofa a buɗe ko babu fanka. Akwai wanda da zarar wuta ta ɗauke sai mai shi ya fito da benci waje, ya bar kayansa suna gasuwa.

Kuma ba jin daɗin jiki kaɗai ake magana ba. Kwanon da rana ta daka tun safe zafinsa yakan haura maki 60 a ma'aunin salshiyos, kuma in babu silin mai kauri a ƙarƙashinsa, wannan zafi kai tsaye yake sauka a kan abin da ke ƙasa. Yawancin magungunan da ke kan kantar mai kyamis an rubuta a jikinsu cewa a ajiye su a wurin da zafi bai wuce maki 25 ko 30 ba. Maganin da ya yi wata uku a ƙarƙashin irin wannan kwano, Allah kaɗai ya san abin da ya rage na ƙarfinsa ranar da uwa za ta saya wa ɗanta. Firjin mai sayar da lemo da ruwan leda yana aiki ba hutu, yana shan wuta ninki, yana mutuwa kafin lokacinsa. Tela yana rufe shago da azahar. Mai buga takardu yana canza na'ura duk shekara. Galan ɗin fetur kuma yana nan a ajiye a lungun shago, kusa da wayoyin da aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinsu.

Anan ne ake zuwa ga asalin rashin adalcin da takardar shaida ta zo gyarawa. Mai gini sau ɗaya yake kashe kuɗi. Ɗan haya kuwa kullum yake biya. Idan mai gini ya tsallake silin, ya sayi kwano mafi arha, ya juya fuskar shaguna zuwa yamma don kawai titi yana can, ba tare da ya yi musu baranda ba, to ribar wannan tsimi aljihunsa ta shiga, asarar kuwa ta hau kan wanda zai kama haya, shekara bayan shekara. Shi kuma ɗan haya ba shi da hanyar sani. Yakan zo duba shago da safe ko da yamma lis, ko a watan Disamba lokacin da hunturu ya sanyaya ko'ina, ya biya kuɗin shekara guda ko biyu a dunƙule, sai bazara ta kama sannan ya gane abin da ya saya. A kasuwar citta ta Kachia ko Kwoi babu ɗan kasuwar da zai biya kuɗin buhu bai sa an buɗe baki ya ga bushewarta ba, bai kuma ɗora ta a sikeli ba. Amma shagon da mutum zai zuba jarinsa duka a ciki, a rufe ake karɓarsa. Takardar da ke manne a bakin ƙofa tana cewa wannan gini taurari uku ne, wancan tauraro ɗaya, ita ce sikelin da aka rasa.

Wasu ƙasashe sun riga sun bi wannan hanya, kuma akwai abin koyi a nasararsu da tuntuɓensu. Tarayyar Turai ta fitar da umarni a kan haka tun 2002. A Ingila ana ba gine-gine daraja daga harafin A zuwa G, kuma daga watan Afrilun 2018 aka hana ba da sabuwar hayar ginin da ya gaza kai matakin E, sannan a Afrilun 2023 hanin ya hau kan gine-ginen kasuwanci da suka riga suna cikin haya, sai fa waɗanda aka yi wa togaciya. Mai gida a can ya san cewa zafi ko sanyin gininsa ba matsalar ɗan haya kaɗai ba ce. Misalin da ya fi kusa da gida shi ne na Afirka ta Kudu. A watan Disambar 2020 ta wajabta wa gine-ginen gwamnati da suka wuce murabba'in mita 1,000, da wasu rukunan na 'yan kasuwa da suka wuce murabba'in mita 2,000, su nemi takardar shaida su manna ta inda kowa zai gani. An ba su shekara biyu. Wa'adi ya zo, waɗanda suka cika kaɗan ne, dole aka ƙara shekara uku zuwa Disambar 2025. Ƙasar da ta fi Nijeriya yawan ƙwararru ke nan ta yi wannan jinkiri, kuma ba ta taɓa ƙananan shaguna ba sam.

Wannan ya kawo magana kan babbar fargabar da duk mai hankali zai yi, kuma ba fargaba ce ta banza ba. Talakan Nijeriya ya daɗe da sanin cewa kowace sabuwar takarda sabuwar ƙofar karɓa ce. Mai shago a yau yana fama da kuɗin izinin sana'a, da na allon talla, da na shara, da na kasuwa, ga kuma masu zuwa da rasit da masu zuwa babu rasit. In aka ce gobe akwai wata takardar tsimin wuta, abin da zai fara zuwa ransa shi ne wasu samari da riguna masu ƙyalli da kwado da jan fenti. Idan haka abin zai kasance, gara a bar shi. Takardar da ake saye da na goro ta fi rashinta muni, domin a da ɗan haya bai sani ba ne kawai, yanzu kuwa za a yi masa ƙarya da hatimin hukuma. Ginin gilashi na mai hannu da shuni zai sami taurari biyar daga ofis, gwauruwar da ta gina shago biyu da kuɗin sallamar mijinta ita za a rufe wa ƙofa.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da wannan yanki wanda bai kamata a yi shiru a kansa ba. Kafanchan gari ne da ya sha wahala, daga rikicin 1987 har zuwa na bayan zaɓen 2011 da ya cinye babbar kasuwar garin. A wurin da zukata ba su gama hucewa ba, duk dokar da ta ba ma'aikaci ikon ya ga dama ya rufe wannan ya bar wancan, nan da nan za a fassara ta da unguwa ko addini ko ƙabila, ko da shi ma'aikacin kuɗi kawai yake nema. Saboda haka ba a son dokar da ta dogara ga ganin damar mai dubawa. Ana son wadda ma'auninta yake a fili, wanda mai gini da kansa zai iya ɗaukar tef ya auna ya ce ga abin da na samu.

Abin farin ciki, ƙa'idar 2017 irin wannan ce. Faɗin taga da tef ake auna shi. Kaurin abin tare zafi da ido ake ganinsa kafin a rufe silin. Wat ɗin fitila a jikinta yake a rubuce, haka ma bayanin na'urar sanyaya ɗaki. Don haka abin da ya dace Jihar Kaduna ta yi ba ya bukatar sabuwar hukuma, ko sabon shugaba da motocinsa. A sa sharuɗɗan a cikin izinin ginin da ake nema dama can, a duba su a ziyarar da ake yi dama can, ba tare da wani kuɗi na daban ba. A ƙayyade girman ginin da abin ya wajaba a kansa, a bar mai shago ɗaya ko biyu da zaɓinsa: in ya so ya nema, in ya ƙi babu mai taɓa shi. Tun da kuma ƙa'idar ta Tarayya ta fi mayar da hankali ga sababbin gidajen kwana da ofisoshi, sai jiha ta ambaci rukunin shaguna da otal-otal da ɗakunan taro da asibitocin kuɗi da sunayensu, don kada a sami kafar zamewa. Sunan kowane gini da taurarinsa a buga su a fili inda kowa zai iya dubawa ta waya, har da mai ginin da ke zaune a Obalende. Hukuncin wanda ya gaza kuwa, a shekarun farko, kada ya zama rushewa ko rufewa. Ya ishe shi hukunci a manna masa tauraronsa ɗaya a bakin ƙofa, masu neman haya su gani su yi ciniki a kan haka.

Batun masu dubawa ma Kafanchan ba ta da uzuri. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke garin a nan ne ake koyar da ilmin muhalli da zanen gine-gine. Kowace shekara ana yaye matasa da suka san lissafin inuwa da zafi, su tafi Abuja da Ikko neman aiki, wasunsu ma su ƙare a tuƙin babur. Horo na 'yan makonni ya isa a mayar da su masu auna gini, a ƙarƙashin ƙwararru masu rajista waɗanda za a iya ƙwace wa lasisi in sun sa hannu a kan ƙarya.

Wani zai ce, ai Kafanchan ba Sakkwato ba ce, ba Maiduguri ba. Gari ne mai tudu a gindin duwatsun Kagoro, mai ruwan sama da itatuwa, me zai sa a dame shi da maganar zafi? Wannan magana gaskiya ce rabi, kuma rabin nata hujja ce ga takardar, ba a kanta ba. Daga Fabrairu zuwa Afrilu rana ba ta yi wa kowa sauƙi a kudancin Kaduna. Amma saboda yanayin wurin yana da rangwame a sauran watanni, ginin da aka tsara da hankali zai iya shafe mafi yawan shekara ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba ko kaɗan. Abin da ɗan Sakkwato zai kashe kuɗi mai yawa ya samu, ɗan Kafanchan kyauta Allah ya ba shi, sai dai ya zubar da shi da hannunsa ta hanyar mummunan gini. Garin yana tsakanin digiri 9 da 10 arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta tsakar ka a watan Afrilu da ƙarshen Agusta, don haka rufi ne ke shan mafi yawan duka, sai bangon gabas da safe da na yamma da la'asar. Wanda ya miƙe dogon gininsa ya fuskanci kudu da arewa, ya tsawaita bakin rufi, ya bar tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa, ya riga ya yi rabin aikin bai ƙara ko bulo ɗaya ba. Bakin rufi mai tsawo kuma yana kare bango daga ruwan damina, wanda a wannan yanki ba ƙarami ba ne.

Babu wani sabon abu a nan, in an duba. Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a wajen 1927, sa'ad da layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos. Tsofaffin gidajen reluwe na wancan zamani, duk da lalacewar da suka yi, har yanzu suna koyar da darasi: baranda mai faɗi, rufi mai tsayi, tagogi masu shan iska. An gina su lokacin da babu wanda ya yi mafarkin na'urar sanyi. Kafin su ma, maginan ƙasar Hausa da tubali da azara sun san cewa bango mai kauri yana riƙe sanyin dare ya kai shi rana. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu, ko ya zauna a zauren soro da tsakar rana, ba ya bukatar a yi masa bayani. Haka gidajen ƙasa na mutanen Ham da Atyap da Bajju da Fantswam, masu rufin ciyawa da ya sauko ya lulluɓe bango. Ba ana cewa a koma gina banki da jinka ba ne. Ana cewa ne ilmin da kakanni suka yi aiki da shi bai kamata ya ɓace don kawai wani ya ga benen gilashi a tsibirin Victoria ya ce shi ma irinsa yake so a kan hanyar Kagoro. Wancan bene na Ikko yana da janareto mai girman ɗaki a bayansa, da kamfanin da ke biyan kuɗin dizal da dala. Mai sayar da atamfa ba shi da ko ɗaya.

Su kuma masu cewa wutar sola ta zo ta raba gardama, sai su yi lissafi. Yawan faifan sola da batiran da gini ke bukata ya dogara ne ga yawan wutar da yake sha. Shagon da ke da ƙwan fitila 10 na tsohon yayi masu wat 60, in ya kunna su awa 10, ya sha yunit 6. In ya musanya su da na zamani masu wat 9 da ke ba da haske kusan iri ɗaya, bai kai yunit ɗaya ba. Haka lissafin yake ga fanka da firji da na'urar sanyi a ƙarƙashin rufin da ke tare zafi. Wanda ya fara da tsimi, ƙaramar sola ta ishe shi. Wanda ya tsallake tsimi ya faɗa sola, zuba ruwa yake a kwando da kuɗi masu tsada. Shi ya sa masu ƙa'idar suka ajiye ta a tauraro na ƙarshe.

Amma kada masu karatu su zauna jiran Majalisa. Mai gini da ke Kudu yana da ikon da ya fi na kowace hukuma, domin shi ke turo kuɗi. Kafin ya aika da kuɗin katako da kwano, yana da haƙƙin ya tambayi wanda ke tsaye a kan aikin: ina fuskar shagunan ta kalla, kuma in yamma ce saboda titi, nawa ne faɗin barandar? Me za a shimfiɗa a ƙarƙashin kwano, kuma nawa ne kuɗinsa a cikin lissafi? Akwai taga ko mashigar iska a bangon baya, ko kuwa akwati ne mai ƙofa ɗaya? Ya nemi a aiko masa da hoton abin tare zafin a shimfiɗe kafin kafinta ya rufe silin, domin an sha rubuta abu a takarda kuɗinsa ya bi wata hanya. Lokacin yin wannan ɗan taƙi ne. Abin da za a yi da sauƙi ranar da ake ɗora rufi, in an bari sai bayan shekara uku, sai an fitar da ɗan haya da kayansa, an ɓalle silin, an biya aiki sau biyu. Kuma amfanin nasa ne tun kafin a zo ga wata takarda: shagon da ake iya zama a cikinsa ba ya rasa mai haya, ba a kuma barinsa da bashi a gudu da dare. Ƙungiyoyin 'yan gari da na 'yan kasuwa da ke taro duk wata a Ikko da Badun da Anacha suna iya gayyato masanin zanen gini ɗan gida ya yi musu bayanin awa ɗaya, maimakon a ƙare taron duka a kan kuɗin anko.

Ita kuwa gwamnati, ba ta da bakin tilasta wa ɗan kasuwa abin da ba ta yi wa kanta ba. Kuɗin dizal da na wutar da ofisoshinta ke sha daga harajin talaka suke fitowa, don haka shi ne ɗan hayan da ba a taɓa nuna wa lissafi ba. A fara da sakatariyar Ƙaramar Hukumar Jema'a, da babban asibitin garin, da gine-ginen reshen jami'a, da na Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, da duk wata kasuwa ko rukunin shaguna da aka gina da kuɗin jama'a. A auna su, tsofaffi da sababbi, a manna sakamakon a bakin ƙofar kowanne, ko da tauraro ɗaya ne, ko da babu ko ɗaya. Sannan a rubuta a cikin kowace sabuwar kwangilar gini ta jiha yawan taurarin da ake bukata, kuma kada a biya ɗan kwangila kason ƙarshe sai mai auna gini ya sa hannu.